Dala ashirin ta man motar asibiti: yadda jama'a ke ɗaukar nauyin sufuri da abin da ake jira daga gwamnati

A ƙauyukan jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, tafiya daga gida zuwa asibiti ta dogara ne a kan amalanke, babur, gayyar samari da ƴan kuɗin da jama'a ke tarawa da kansu. A birane kuma kabu-kabu, adaidaita da faba-faba ne ke kai mutane wurin aiki da kasuwa. Wannan rahoto ya duba yadda taimakon kai da kai ke tafiya, inda ƙarfinsa ya tsaya, da kuma rabon da ya rataya a wuyan gwamnati da ƙananan hukumomi.

A daminar da ta wuce, wajen ƙarfe ɗaya na dare, yayana ya kira ni daga ƙauyenmu da ke arewa da birnin Maraɗi. Matarsa ta wuni ta kwana tana naƙuda, ungozomar gari ta ce abin ya fi ƙarfinta. Babu mota ko ɗaya a garin. Aka shimfiɗa katifa a kan amalanken shanu na wani maƙwabci, mata biyu suka hau tare da ita, samari uku na biye da tocila. Kilomita tara ne tsakaninmu da likita mafi kusa, wato CSI, amma sai da suka yi fiye da awa biyu saboda yashi da ruwan da aka yi da marece.

Majo ya duba ta, ya ce sai an kai ta asibitin gunduma inda ake da ɗakin tiyata. Abin da yayana ya fara tambaya shi ne kuɗin mai, domin jika uku kawai ke aljihunsa. Majo ya ce ya kwantar da hankalinsa, man ambilans zai fito ne daga asusun dala ashirin-ashirin da ake karɓa a hannun duk wanda ya zo ganin likita. Motar ta iso da asuba, bayan ta yi zagaye don kauce wa wata ƙorama da ta cika. An yi aiki, an samu ɗa namiji, uwa da jariri lafiya lau. Abincin masu jinya da kuɗin komawa gida kuwa, ƙungiyar adashen matan unguwarsu ce ta ranta jika goma, aka biya bayan an girbe wake.

Da hankali ya kwanta na zauna na lissafa waɗanda suka sa hannu a wannan dare. Amalanke na maƙwabci ne. Mai na marasa lafiyar da suka riga mu zuwa likita ne. Guzuri na mata ne. Motar da likitan tiyata na gwamnati ne. Hanyar da aka bi ce kaɗai ba ta da mai ita, kuma ita ce ta cinye mafi yawan lokacin.

Ƙasa mai faɗi, kwalta kaɗan

Faɗin Nijar ya kai murabba'in kilomita 1,267,000. Ƙidayar 2012 ta nuna mutum miliyan 17 da ɗoriya, fiye da kashi 80 cikin 100 na zaune a karkara, kuma jihohin Damagaram, Maraɗi da Tawa kowace na da sama da mutum miliyan 3. Ƙashin bayan sufurin ƙasar shi ne hanya mai lamba 1, wadda ta ratsa Yamai, Dosso, Dogondutsi, Ƙonni, Maraɗi, Tasawa da Damagaram har zuwa Difa. A kanta ne manyan bus na kamfanoni masu zaman kansu irin su Rimbo, STM, Al Izza da Sonef ke zirga-zirga. Wanda ya tashi daga Maraɗi da asuba yana iya kwana a Yamai, tafiyar kilomita kusan 660.

Matsalar tana farawa ne da zarar an sauka daga kwalta. Ƙauyuka da yawa ba sa ganin mota sai ranar kasuwar mako, lokacin da tsofaffin a-kori-kura ke zuwa da lodin buhuna, awaki da mutane a sama. Sauran kwanaki shida, sai babur ga mai hali, amalanke ko ƙafa ga marar hali. Ma'aikatar lafiya na auna kusancin jama'a da likita da tazarar kilomita 5, kuma alƙalumanta na nuna cewa kusan rabin ƴan ƙasar na zaune a nesa da haka.

Ma'aikatan lafiya kan yi maganar jinkiri uku da ke kashe mata wurin haihuwa: jinkirin yanke shawarar fita daga gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na biyun yana haifar da na farko. Magidancin da ya san ba shi da kuɗin mota yakan ce a ƙara jira zuwa safe, ko Allah zai kawo sauƙi. Sau da yawa wannan jiran ne ke sa a isa asibiti a makare.

Asalin dala ashirin

Tun bayan shirin Bamako na 1987, ƙasashen Afirka da dama suka koma tsarin da marar lafiya ke biyan wani abu a likita, kwamitin jama'ar gari kuma ya kula da kuɗin don sayen magani. Nijar ta kafa dokar hakan a 1995, daga nan ne aka samu kwamitocin da ake kira COGES. A zamanin shugaba Tandja Mamadou aka mayar da tiyatar haihuwa kyauta a 2005, sannan a 2006 aka ƙara da kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki.

Sai dai tiyata kyauta ba ta da amfani ga matar da ba ta isa ɗakin tiyatar ba. Ko da gunduma na da ambilans, al'adar da aka saba ita ce dangin marar lafiya su biya kuɗin mai kafin mota ta tashi. Wanda ya fi nisa shi ya fi biya, kuma galibi shi ne ya fi talauci. Wannan giɓi ne ya sa wasu gundumomin lafiya, musamman a jihar Dosso da kuma Keita a jihar Tawa, suka fito da abin da ma'aikata ke kira centime additionnel: sefa 100, wato dala ashirin, da ake ƙarawa a kan kowane ganin likita.

Yadda abin ke tafiya ba shi da wuyar fahimta. Kowace likita na tara nata, a kai wa gunduma, a zuba a asusu na dabam wanda bai haɗu da na magani ba. Daga ciki ake sayen mai, a ba direba ɗan alawus, a yi ƙananan gyare-gyare. Da yake asusun na gunduma ne baki ɗaya, mutumin da ke zaune kusa da asibiti yana tallafa wa na bakin daji ba tare da sun san juna ba. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun yi nazari a kan tsarin, a matsayin misali na dabarun da ma'aikata da jama'a ke ƙirƙirowa a inda kasafin gwamnati bai kai ba.

An yi taƙaddama a kansa. Akwai lokacin da hukumomi suka ga cewa karɓar dala ashirin a hannun uwar da ta kawo yaro ƙarami ya saɓa wa alƙawarin kyauta. Ma'aikatan karkara kuwa na ganin cewa yara da masu ciki su ne mafi yawan masu zuwa likita, in aka cire su asusun ba zai tara abin kirki ba, kuma su ne dai suka fi buƙatar motar. Shi ya sa har yanzu tsarin bai zama iri ɗaya a ko'ina ba. A wata gundumar yana aiki, a wata ya raunana, a wata kuma ƙaramar hukuma ko ƙungiyar agaji ce ke cike giɓin.

Ƙaramin lissafi zai nuna ƙarfin asusun da kuma iyakarsa. A ɗauka, a misali, wata likita na ganin mutum 30 a rana. Dala ashirin sau 30 ya ba da jika 3 a rana, jika 90 a wata. A ce likitar na da nisan kilomita 60 daga asibitin gunduma. Mota za ta zo ta koma, kilomita 120 ke nan. In tana shan lita 15 a kilomita 100 cikin yashi, tana buƙatar lita 18, a farashin sefa 618 kowace litar gazuwal, kuɗin ya haura jika 11. Abin da aka tara a wata zai isa tafiya takwas. Ba a sa kuɗin taya ba, ba a sa batir ba, balle ranar da inji ya buga. Dala ashirin na iya tayar da mota mai lafiya. Sayen sabuwa ko babban gyara ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba.

Bashin da ke bayan kalmar kyauta

Tsarin kyauta na tafiya ne a kan bashi. Likita ta duba yaro, ta ba shi magani daga rumbunta, ta cike takarda, a tura wa hukuma, sannan gwamnati ta mayar da kuɗin. Shekara da shekaru biyan na zuwa a makare, har bashin da likitoci da asibitoci ke bin baitulmali ya kai biliyoyin sefa. Idan kuɗi ba su dawo ba, rumbun magani ya ƙare, sai a rubuta wa uwa takarda ta je ta saya a waje. A irin wannan hali ne asusun ambilans ke shiga haɗari, domin shi kaɗai ne kuɗin hannu da ya rage a gunduma, kowace buƙata kuma tana hangen sa. A ƴan shekarun nan an kafa hukumar INAM domin ta riƙa tantance takardun da kuma biyan kuɗin.

Daga ranar 1 ga Satumba 2024, hukumomin CNSP sun rage kuɗin jinya da kashi 50 cikin 100 a asibitocin gwamnati, suka kuma mayar da haihuwa kyauta. Iyalai sun ji sauƙin matakin a aljihunsu. Amma abin da likita ke samu daga hannun marasa lafiya ya ragu, don haka dogaronta ga kuɗin da ke fitowa daga Yamai ya ƙaru. In sun zo a kan lokaci, kowa ya amfana. In sun makara, nauyin zai sake komawa kan kwamitin gari da dangin marar lafiya.

Gayya, adashe da ƴan ci-rani

Taimakon juna a kan hanya ya girmi duk waɗannan tsare-tsare. Kafin damina da bayanta, maigari kan sa a yi shela, samari su fito da shebur, diga da amalanke, a cike zaizaya da duwatsu, buhunan yashi da rassan itace. Dattawa na tuna zamanin Samariya a mulkin Janar Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, lokacin da irin wannan aiki ke da tsari tun daga unguwa har zuwa jiha. Yau tsarin ya canza kama. Ana buɗe zaure a WhatsApp, ƴan garin da ke Yamai, Kano, Legas, Abijan, Libiya ko Aljeriya su turo gudummawa ta Nita ko Amana, a sayi siminti ko a ɗauki hayar tifa ta kawo tsakuwa.

Mata na da nasu asusun. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991 da tallafin ƙungiyar CARE, sun zama abin koyi da ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka. Mata kan haɗu kowane mako su zuba abin da suka amince, a ba mai buƙata rance. Yawancinsu na ware ɗan wani abu domin lalura, kuma daga nan ne kuɗin babur zuwa likita ke fitowa da tsakar dare, lokacin da babu bankin da ke buɗe. A jihar Damagaram kuma, makarantun mazaje da aka fara wajen 2008 da goyon bayan UNFPA sun jawo magidanta cikin maganar awon ciki da haihuwa a likita, ciki har da shirin yadda za a kai mace idan lokaci ya yi.

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma duk wanda ya ga gayyar gyaran hanya ya ga gaskiyar maganar. Amma daminar 2024 ta nuna inda ƙarfin gayya ya ƙare. Ambaliyar wannan shekara ta kashe ɗaruruwan mutane, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A watan Agusta ruwa ya yanke manyan hanyoyin fita daga Yamai na ƴan kwanaki, aka kuma ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Ruwan da ya karya kwalta ba zai bar buhun yashi ba. Gada, kwalbati da shimfiɗar kankare a bakin ƙorama aiki ne na injiniya da manyan injuna, kuma kuɗinsu miliyoyi ne da babu zauren WhatsApp da zai iya tarawa.

A birni ma jama'a ce ke ɗauke da kanta

A Yamai akwai kamfanin bus na birni, SOTRUNI, tun shekarun 1990, amma an daɗe motocinsa ba sa isar birnin da ya haura mutum miliyan ɗaya tun a ƙidayar 2012, wanda kuma ke ta faɗaɗa ta kowace kusurwa. Taksi masu jan kai da ƙananan bus da ake kira faba-faba ne ke ɗaukar yawancin jama'a. Sunan ma ya faɗi komai, domin faba a harshen Zabarmanci na nufin taimako. An gina gadoji biyu a kan kogin Kwara bayan gadar Kennedy ta 1970, ɗaya a 2011 ɗaya a 2021, an yi hanyoyin sama, amma mai tafiya da ƙafa daga unguwannin bayan gari har yanzu yana tsayuwa a rana yana jiran motar da ke da gurbi.

A Maraɗi, Damagaram da Tawa babu tsayayyen tsarin bus na birni da talaka zai dogara da shi kullum. Kabu-kabu da adaidaita ne ke kai yara makaranta, mata kasuwa, marasa lafiya asibiti, dogon baro kuma ya ɗauki kaya. Yawancin samarin da ke tuƙi ba su ne masu abin hawan ba. Akwai kuɗin da za su kai wa mai shi kowace rana, sai abin da ya ragu bayan an sayi mai ya zama nasu. Wannan ne ke sa gudu da lodin da ya wuce ƙima, hatsari kuma ya biyo baya. Ƙungiyoyinsu na karɓar ƴan kuɗi a tasha, su taimaka wa wanda ya karye ko aka kama wa babur, su je suna da ta'aziyya. Wannan ita ce kariyar da mafi yawansu suka sani.

Nauyin a kan fasinja ma ba ƙarami ba ne. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000. Ma'aikacin da ke biyan dala arba'in zuwa, dala arba'in dawowa, kwana 26 a wata, zai kashe sefa 10,400, kusan rubu'in albashinsa. Idan gidansa na da nisa har direba ya ce sai ya biya kuɗin tafiya biyu, rabin albashin ya tafi a hanya. Shi ya sa da sassafe ake ganin masu gadi, ƴan aikin gida da leburori suna tafe a ƙafa a gefen kwalta. Ɗalibai ne kaɗai rukunin da ke da bus na musamman, ta hannun cibiyoyin kula da jin daɗinsu a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, André Salifou ta Damagaram da Djibo Hamani ta Tawa, kuma ƙarancin motocin na cikin koke-koken da ƙungiyoyinsu suka fi maimaitawa.

Farashin mai

Duk wannan tsari, daga ambilans har kabu-kabu, yana rataye ne a kan litar mai. Matatar SORAZ da ke jihar Damagaram ta fara aiki a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Duk da haka, shekaru da dama garuruwan kan iyaka sun dogara ne da man Najeriya mai arha da ƴan ruwa-ruwa ke sayarwa a kwalabe a bakin hanya. Da shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, wannan arha ta ƙare, masu babura suka koma gidajen mai. Rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya ƙara tsadar kayan gyara da ke shigowa daga Kano da Katsina, har zuwa lokacin da aka buɗe ta a Maris 2024.

A Yulin 2024 gwamnati ta rage farashin esansi daga sefa 550 zuwa 499, gazuwal daga 668 zuwa 618. Wannan shi ne tallafi mafi girma da masu sufuri suka gani kai tsaye. Sai dai buƙata ta ƙaru fiye da abin da matatar ke fitarwa, kuma a Maris 2025 aka shiga ƙarancin mai da ya jawo dogayen layuka a Yamai da sauran birane. A irin waɗannan kwanaki, asusun da ke cike da kuɗi ma ba ya tayar da ambilans idan babu tanadin mai da aka keɓe mata.

Ina kuɗin hukuma ke bi?

Gyaran manyan hanyoyi na hannun asusun FER, wanda ya gaji CAFER, kuma yana samun kuɗi daga abin da ake biya a shingayen hanya da wani kaso na harajin mai. Ƙarfinsa na ƙarewa ne a kan hanyoyin ƙasa da suka fi cunkoso. Hanyar da ta haɗa ƙauye da likita ko kasuwa ta faɗo a rabon ƙaramar hukuma, wadda kuɗin shigarta ba su wuce lanho, tikitin kasuwa da kuɗin tasha ba. A ƙananan hukumomin karkara da yawa, in aka biya albashin ma'aikata abin da ke saura bai taka kara ya karya ba.

A 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi wasu ayyuka a fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Ƙorafin da magadan gari suka daɗe suna yi shi ne an miƙa aiki, kuɗin aikin bai biyo baya yadda ya kamata ba. Hukumar ANFICT ce aka kafa domin ta riƙa isar da tallafin gwamnati gare su. A Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi. Tun da babu kansilolin da za su tambayi lissafi a zaman majalisa, bayyana wa jama'a abin da aka tara da abin da aka kashe ya ƙara zama wajibi a kan sababbin shugabannin.

Matafiya na ba da gudummawa ta wata hanyar kuma. Asusun FSSP na ceton ƙasa, da aka kafa a Oktoba 2023, na karɓar sefa 10 a kan tikitin mota da na shingen hanya, da jika ɗaya a kan tikitin jirgin sama. An kafa shi ne musamman domin tsaro da tallafa wa waɗanda rikici ya shafa. Abin da ya nuna shi ne dala biyu-biyu, in an tara ta a faɗin ƙasa da tsari, tana zama kuɗi masu yawa, kamar dai yadda dala ashirin ta nuna a matakin gunduma.

Akwai darasi kuma a manyan ayyuka. Layin dogo na Yamai zuwa Dosso, mai tsawon kilomita kusan 140, wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa aka ƙaddamar a 2016, bai taɓa zama hanyar sufurin yau da kullum ba. Mutanen Maraɗi na sa ido a kan layin da Najeriya ke ginawa daga Kano ta Katsina da Jibiya, wanda aka aza harsashinsa a 2021. Zai taimaki fatauci idan an kammala. Amma manomin da ke arewacin Dakwaro ko Mayahi sai ya fara samun hanyar fito da buhunsa zuwa kwalta kafin jirgi ya amfane shi.

Rabon aiki

Abin da ke fitowa fili daga ƙauye har birni shi ne jama'a ba su ƙi biya ba. Suna biya a likita, a tasha, a kasuwa, a adashe, suna kuma biya da ƙarfin jikinsu ranar gayya. Abin da ke karya musu gwiwa shi ne su biya su rasa ganin sakamako, ko a ce musu asusu ya ƙare ba tare da bayani ba. Allo guda a ƙofar likita, da ke nuna abin da aka tara a wata da adadin marasa lafiyar da aka ɗauka, ba ya cin kuɗi, kuma yana hana zargi.

Sauran ya rage ga hukuma, domin babu mai iya yi sai ita: sayen ambilans da babban gyaranta, albashin direba, keɓe mata mai a lokacin ƙaranci, mayar wa likitoci kuɗin kyauta a kan lokaci, da gina mashigai a ƙoramun da kowa a gunduma ya san sunansu. A birane kuma, ko da layi biyu ko uku ne na bus da ke tashi a kan lokaci daga unguwannin nesa zuwa babbar kasuwa da asibiti, za su rage wa mai ƙaramin albashi nauyi, ba tare da an raba samarin kabu-kabu da abincinsu ba, tun da lunguna nasu ne.

Na koma ƙauyenmu bayan girbi. Yaron ya yi ƙiba, uwarsa ta koma zuba adashe. A bakin ƙoramar da ta sa ambilans zagaye na tarar da tarin duwatsu da samari suka fara jibgewa tun yanzu, kowane mai amalanke an ɗora masa lodi biyu. Maigari ya sa an rubuta wa kantoma takarda ana roƙon siminti da ƙarfe, su kuma za su ba da yashi, tsakuwa da hannu. Baba ya ce wannan ce takarda ta uku da ya ga an rubuta a kan wurin. Ana sa ran ruwan farko a watan Yuni.